Notin tayar Hilux ya ƙi kwancewa, sitod ɗaya ya karye: yaya za a yi?

Tambaya: Salam Oga, ina da tsohuwar Hilux fowil da nike shiga fadama da ita nan Wurno ɗauko albasa da shinkafa, tun ƙarshen damina tana aje. Yanzu na zo canza tayar baya noti biyu sun ƙi motsi, ɗaya har kanshi ya gulje sifana na zamewa, yarona ya sa fayif ya hau da ƙafa sai sitod ɗaya ya karye. Mai walda ya ce a kawo ya sa wuta. In bari?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah shi sawwaƙe. Da farko dai ka ce ma yaron nan ya sauka daga kan fayif ɗin nan, don wallahi hawan nan da tsalle shi ka karya sitod ba tsatsa kaɗai ba. Sitod ɗin Hilux, wato ƙarfen mai zare da noti ka hawa, kaurinshi milimita 12 ne kawai, ɗaurin da kamfani ya ce a yi mashi bai wuce wajen 105 Nm ba, wato ƙarfin hannun mutum guda da wil sifana mai ɗan tsawo. To kai dubi yadda anka saba yi wurin masu faci, a zura fayif mai tsawon mutum a hau a yi ta dannawa har sai ya yi ƙara, ƙarfen ya riga ya miƙe tun ranar, sannan ka shiga laka da ruwan fadama ka aje mota wata da watanni, ruwa ya kwanta cikin zare tsatsa ta kama, ranar kwancewa sai ya tsinke a hannun wanda bai san hawa ba.

Ka sauke motar daga jak tukuna, taya ta taka ƙasa, ka ja hambirki ka sa dutse gaba da baya. Sauran notin da ka riga ka kwance ka maida su ka ɗaure daidai, mutane ba su lura da wanga, in ka cire huɗu ka bar biyu to nauyin rim duk ya koma kan biyun nan ya ƙara cije su. Sai ka sa burushin waya ka kankare busasshiyar lakar da tsatsar da ke bakin zaren, ka fesa WD-40, man gwangwani na kwance tsatsa, in babu ka haɗa kananzir da ɗan man giyar mota ka ɗiga, ka bari ya kwana. Ya kwana fa, ba minti biyar ba. Da safe ka ƙara, ka samu guduma ka bubbuga gefen notin, bugun nan shi ka fasa tsatsa mai ya samu hanyar shiga ciki.

Wurin kwancewa ka aje sifanar nan ta cikin mota, ka nemo soket lamba 21 mai kusurwa shida, ba mai goma sha biyu ba don ita ce ka cinye kan noti. Ka fara ɗan ƙara ɗaurewa kaɗan kamar ƙiftawar ido, sannan ka dawo baya, a hankali da nauyin jiki ba fizga. In ya motsa ya sake cijewa kar ka ce sai ka ci ƙarfinshi, ka maida shi ciki ka ƙara mai ka sake fitowa, haka haka har ya fito. Shi kuma wanda kanshi ya gulje, ka samu soket lamba 20 wadda ba ka jin asararta ka buga ta da guduma ta shige dam, sau da yawa shi ke nan. In ta ƙi, cizal mai kaifi ka tsaga notin ta gefe bin tsawonshi, ko a yanke da giranda, noti da sitod ai ba su kai kuɗin rim ba.

Maganar wuta kuwa, nan nike so ka saurare ni da kyau. Wuta tana aiki, noti in ya yi zafi shina buɗewa ya saki sitod, amma taya na jikin rim ɗin nan. Zafi in ya bi rim ya kai ga roba, robar tana iya fara cin kanta daga ciki ba ka gani, iska ya hau, taya ta tashi kamar bam, kuma tana iya yin haka bayan an kashe wutar kowa ya matso kusa, ko da an sace iskar ba a tsira ba. Ni a garejina ban yarda a kai wutar walda jikin rim mai taya ba, balle da zafin Sakkwato na watan Afrilu da ƙarfe ke ƙona hannu tun ba a sa mashi komai ba, ga kuma kananzir da ka jiƙa wurin da shi, ga giris ɗin boris da siyil a bayan wurin. Ka ce ma mai waldar ya yi haƙuri, a tsaga notin.

In taya ta fita saura sitod ɗin da ya karye. Ba zare ne da shi ta baya ba, tura shi anka yi ya cije da ƴan haƙora, don haka a baya ka sauke hambirki ka zare duram ɗin birki (motar tana kan jak da katako mai ƙarfi ƙarƙashi, kar ka dogara da jak kaɗai), ka ɗora ƙarfe a kan guntun ka buga ya faɗa ciki, bugu biyu uku masu kyau ba ka yi ta dukan wurin ba har boris ya ji. Da a gaba ne sai an fiddo hob ɗin, wato ƙarfen da sitod ke jikinshi, gaba ɗaya, wannan aikin bakanike ne. Sabon ka zura shi ta baya, ka jera washa uku ko huɗu ta gaba, ka ɗaura wani tsohon noti mai lafiya ka yi ta ja har kan sitod ɗin ya zauna daram ba rata. Ka tafi kasuwa da karyayyen a aljihu don a gwada maka tsawo da haƙoran, kuma ni shawarata ka canza har na kusa da shi da waɗanda sunka cije, tunda duk hawa ɗaya anka yi masu.

Wurin maidawa ka goge zare tas ka bar shi busasshe, kar ka shafa giris ko baƙin mai, shina sa ɗauri ya wuce kima ba ka sani ba. Ka fara da hannu, ka ɗaure a tsallake, wanga sannan wanda ke fuskantarshi, ba a jere ba. In ka taso daga Wurno da kaya ka iso Sakkwato, ka tsaya ka sake bin su shida ɗin da sifana kafin ka juya gida.