Me ake gyarawa a na'urar da ba ta lalace ba?

Isiyaku, jiya muna rufe shago a Kakuri ka ce mini, "Oga, shekarun da ka yi a jirgin ruwa kana kula da na'urar DP, mai tsayar da jirgi wuri ɗaya a teku, me kake gyarawa, tunda ka ce ba a bari ta lalace?" Ladan ya kira magariba ban ba ka amsa ba. To ga ta.

A filin mai na Bonga, kimanin kilomita 120 daga gaɓar teku, zurfin ruwa ya haura mita 1,000. Jirgin da ya kai kaya can ba zai jefa anga ba, ga zurfi, ga bututun mai shimfiɗe a ƙasa. Kuma dole ya tsaya cak ana sauke kaya, iska na tura shi, igiyar ruwa na jan sa. Ka ga yadda mai kwalekwale ke riƙe jirginsa wuri ɗaya da filafili a kogin Kaduna da damina? Aikin ke nan, sai dai a nan kwamfuta ce ke yi, da farfeloli. Abu uku take tsarewa: kada jirgi ya yi gaba ko baya, kada ya zame gefe, kada hancinsa ya juya.

Hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, ta kasa waɗannan jirage aji uku tun 1994. A aji na 2, lalacewar abu ɗaya ba za ta sa jirgi ya bar wurinsa ba. A aji na 3, ko gobara ko ruwa ya cinye ɗaki guda, jirgi na nan a tsaye. Shi ya sa komai bibbiyu ne ko uku-uku: kwamfuta, kamfas, na'urar auna iska, janareta. Me ya sa uku? Shaidu biyu in suka saɓa ba ka san maƙaryaci ba, sai na uku ya zo.

To a nan amsarka take. Cikin kayan nan bibbiyu, wanda ke aiki, in ya sami matsala kowa zai ji ƙararrawa. Wanda ke zaune yana jiran ranarsa, shi ne kan mutu shiru, fitilarsa na nuna kore. Shi nake farauta. Ƙa'ida ita ce batirin da ke riƙe kwamfutar DP ya ɗauke ta aƙalla minti 30 in wuta ta ɗauke. Akwai jirgin da na hau, takardu sun ce komai lafiya, mita ma ta nuna caji ya cika. Na yanke wutar da gangan muna nesa da kowa, na riƙe agogo. Ko minti 10 bai kai ba allo ya yi baƙi. Da a gefen rijiyar mai ne, da wani labarin ake yi.

Kuma biyu ba biyu ba ne in abu ɗaya zai iya kashe su tare. Janareta huɗu da ke shan dizal daga tanki ɗaya, ruwa ya shiga tankin, ai janareta ɗaya gare ka. Don haka ake raba wutar jirgi gida biyu, kowanne da mansa da ruwan sanyayawarsa. Haka GPS. A tekunmu, saboda kusancinmu da layin da ya raba duniya kudu da arewa, bayan faɗuwar rana sararin sama kan hargitsa saƙon tauraron ɗan adam, sai ka ga GPS biyu sun haɗa baki sun yi ƙarya tare. Dole a haɗa da wani iri daban: hasken leza da ake haskawa kan madubin da aka liƙa a dandamalin mai, ko sautin da ake aikawa ƙarƙashin ruwa, ko waya mai nauyi da ake saukarwa har ƙasa a auna karkatarta. Kowanne da halinsa. Leza ba ta son hazo, kuma ta kan bar madubinta ta kama rigar ma'aikaci mai ƙyalli, yana tafiya jirgi na bin sa. Na'urar iska kuwa, jirgi mai saukar ungulu ya sauka kusa sai ta ɗauka guguwa ce.

Sauran aikin irin wanda kake rainawa ne: goge gilashi, canza filta, ɗaure wayar da girgiza ta kwance, duba man farfela ko ruwan gishiri ya shiga. Duk shekara ana gwajin da ake kashe abubuwa ɗaya bayan ɗaya a ga ko jirgi zai motsa. Amma da zarar an shiga mita 500 kusa da dandamali, ko sukundireba ba ka ɗagawa sai da izinin mai tuƙi.

Gobe in Allah ya kai mu, inbatar nan ta Hajiya da ka ce ka gama, kada ka kai mata. Ɗora mata firij da fanka, ka zare wutar NEPA, ka zauna da agogo. Ka rubuto mini minti nawa ta yi.