Kafin ka tura sunan yarinya Amurka, fara auna ragar

Ka turo mini bidiyon 'yan mata uku masu buga ƙwallon raga a kulob ɗin matasa, ka ce, "Oga, wacce a ciki za mu iya nuna wa kociyoyin jami'o'in Amurka? Kuma me ake fara dubawa, tsawo ko tsalle?" To yaro, ba ko ɗaya a cikin biyun. Abin da ake fara tambaya shi ne wa ya riƙe kyamara, kuma wa ya ɗaura raga. Abin da ka turo minti biyu-biyu ne, an yayyanka, an ɗora kiɗa, duk ƙwallon da aka doka ta shiga. Babu 'yar wasan da ba za ta yi kyau a haka ba. Da ba don tambayarka ta fama mini wani tsohon miki ba, da cewa kawai zan yi ka koma ka sake shiri.

Akwai wani mai kulob, ba zan kama sunansa ba, da ya taɓa kawo takardun wata yarinya mai duka daga gefen hagu. A rubuce, tsawonta santimita 186, inda yatsunta ke taɓawa idan ta taho da gudu ta yi tsalle 305, kuma wai bara ta gama sakandare. A bidiyon kuwa hannunta na wuce saman raga kusan har gwiwar hannu. Wani koci a rukuni na ɗaya, wato mafi girma, na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, mutumin da ya daɗe yana karɓar maganata ba ja, ya ajiye mata gurbi, har ya saki wata yarinya da yake nema saboda ita.

Ga abin da mai kulob ɗin ya yi. Ragar mata santimita 224 ce daga ƙasa, ta maza 243. Shi ya sassauto da ita fiye da santimita 10 ranar ɗaukar bidiyo, ya ajiye kyamara a ƙasa kusa da turken raga tana kallon sama, yadda ko gajere zai fito kamar dogo. Tsawon da ya rubuta da takalmi aka auna, da gashi a ɗaure a tsakiyar ka. Da aka auna ta yadda ya kamata, 179 ce, tsallenta yana kaiwa 288. Wannan kaɗai da koci zai yi fushi, amma ana iya lallashinsa. Takarda ce ta kashe maganar. Yarinyar ta gama sakandare shekara uku kafin nan, kuma duk tsawon lokacin tana buga gasar manya. Dokar rukuni na ɗaya a lokacin ta ba ɗan ƙwallon raga shekara ɗaya bayan gama sakandare. Idan ya wuce ta yana buga gasa mai tsari bai shiga jami'a ba, kowace shekara tana cinye masa kakar wasa ɗaya cikin huɗun da yake da su, sannan in ya isa sai ya zauna shekarar karatu guda ba ya buga gasa. Cibiyar tantance cancanta ta NCAA ba ta yi wata wahala ba, sunan yarinyar na nan a sakamakon wasannin da ke intanet. Kaka biyu suka tafi, ga zaman shekara a kai. Wane koci ne zai kashe kuɗin makaranta a kan haka? Ya janye, kuma daga ranar ƙofarsa ta rufe ga duk yaran da suka biyo baya, waɗanda ba su ci ba su sha ba.

Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne yarinyar ta iya wasa. Hannunta a karɓar sabis ya fi na yawancin dogayen da ake rububi. Da an faɗi gaskiyar tsawonta da shekarar gama makarantarta tun farko, da an nema mata kwalejin shekara biyu ko makarantar NAIA (wata ƙungiyar wasannin jami'o'i ce, ba NCAA ba), masu nasu dokokin daban, ta yi karatunta. Ita ba ta ma san lambobin da aka rubuta da sunanta ba. Mai kulob ɗin kuwa ya riga ya karɓi kuɗin iyayenta, ya wuce neman wasu.

Saboda haka lambar da ba hannunka ya auna ba, kada ta shiga rahotonka. Ba zan tsaya ina koya maka yadda ake karanta tef ɗin awo ba. Takalmi a cire, diddige da baya a jikin bango, abu mai faɗi a kan ka. Sannan miƙa: ta tsaya ƙafa biyu a ƙasa ta ɗaga hannun duka iyakar ƙarfinta. Kula da kyau a nan, don yara sun koyi wayo, sai su rage miƙa da gangan saboda bambancin da ke tsakanin miƙa da tsalle ya fito da yawa. Ja mata hannun sama da kanka. Daga nan alli a yatsu, tsalle uku da gudu, tsalle uku na tare raga daga tsaye da hannu biyu, ka rubuta mafi tsayi a kowanne. Koci bai damu da nawa ta tashi daga ƙasa ba, ya damu da inda hannun ya kai. Ka juya masa lambobin zuwa ƙafa da inci, da su suke lissafi. Ƙafa 10, wato santimita 305, ita ce lambar da manyan makarantu irin su Nebraska, Texas, Stanford da Penn State suke so su ji daga mai duka. A ganina 'yar tsakiya da ba ta kai 185 ba, ko 'yar gefe da ke ƙasa da 180, sai tana da wani abu na daban kafin ka kai ta can. Libero kuwa, wato mai tsaron baya da ke sa riga daban, ba a tambayar tsawonta.

Idan kuma dole bidiyon wani za ka duba, filin da kansa yana ɗauke da ma'auni. Sandar eriya da ke gefen raga tana wuce saman raga da santimita 80, kuma zanenta ja da fari kowanne santimita 10 ne. Tsayar da bidiyon daidai lokacin duka, ka ƙirga zane nawa hannun ya haura. Faɗin raga mita ɗaya ne, don haka idan an ɗaura ta daidai, gefenta na ƙasa yana kan santimita 124. Dubi inda ya faɗo a jikin 'yan wasan da ke tsaye kusa da ita. Yarinya mai tsawon 180, in ta tsaya ta miƙa hannu, yatsunta ne kawai za su leƙa saman raga. In ka ga wuyan hannu a sama, an taɓa ragar. Bidiyon da ake turawa kuwa, kyamara a bayan layin ƙarshe, a ɗage sama, fili duka a ciki, ba bin ƙwallo, ba yanka, wasa guda daga farko har ƙarshe, da lambar rigarta a rubuce. Kuma wasan da aka sha wuya, ba wanda suka yi wa ƙananan yara kaca-kaca ba.

Ku yaran yanzu duka kawai kuke kallo, saboda shi ne ake yaɗawa a Instagram. Zauna da biro ka ƙirga karɓar sabis. Kowace karɓa tana da maki: 3 idan ƙwallon ta je wa mai ɗagawa, wato mai shirya wa masu duka ƙwallo, yadda za ta iya ba kowa, har 'yar tsakiya, 2 idan zaɓinta ya ragu zuwa gefe biyu, 1 idan sai dai a cilla sama a yi fata, sifili idan sabis ɗin ya ci ta. Kada ka yanke hukunci da karɓa goma, tara talatin zuwa sama, a wasa fiye da ɗaya. Wadda ta tsaya a kan 2.0 ana iya aiki da ita, wadda ta kai 2.3 a gaban masu sabis mai ƙarfi ka riƙe ta da hannu biyu. Duba ko ƙafafunta sun isa wurin kafin ƙwallo, ko hannu take miƙawa tana tsaye. Duba kuma ko kocinta yana ɓoye ta a bayan libero. In abokan hamayya suna nemanta da sabis saiti bayan saiti, sun riga ka gano amsar.

Duka ma da lissafinsa. A Amurka ana cire kurakurai daga dukan da ya ci maki, a raba da duk yunƙurin da aka yi. Wadda ta doka 30, ta ci 12, ta ɓarar da 8, tana da .133. Wadda ta ci 9 ta ɓarar da 1 a duka 30 ɗin tana da .267, kuma ita ce 'yar wasa, ko da waccan ta fi ta sa 'yan kallo ihu. Ware dukan da ta yi a kan ƙwallo mara kyau, wadda aka ɗago daga bayan fili ga katanga biyu a gabanta. A nan ake ganin ko ta iya goga ƙwallo a hannun masu tarewa ta fita waje, ko sauke ta a sarari, ko kuwa ƙarfi ɗaya ta sani. Mai duka da hannun dama takunta na ƙarshe hagu, dama, hagu ne, na kusa da ƙarshe dogo, na ƙarshe gajere mai sauri. Wadda ta saba da juyayyen taku tun tana ƙarama, gyaranta na cin kaka guda, wani lokaci ba ya gyaruwa, kuma kafaɗa ce ke biya.

Mai ɗagawa ka dube ta lokacin da karɓa ta lalace: tana isa ƙarƙashin ƙwallo, tana fuskantar gefen hagu, kuma ƙwallonta na sauka wuri ɗaya kowane lokaci? Tun 2024 dokar mata ta NCAA ta daina hura usur kan taɓawa biyu a taɓi na biyu idan ƙwallon ta je wa abokiyar wasa, don haka kada ka zubar da yarinya saboda ƙwallonta na ɗan juyawa. Wurin saukarta da zaɓin wadda za ta ba su ne abin dubawa. Ka kuma tuna a wasan mata na rukuni na ɗaya ana canjin 'yan wasa har 15 a saiti ɗaya, ba 6 kamar dokar FIVB, hukumar ƙwallon raga ta duniya, ba. Ke nan akwai gurbi ga gajeriya mai tsaron baya, da doguwar da ke buga gaba kawai, amma wadda za ta zagaya duk wurare shida ba a cire ta ba ita ce mai tsada.

Kalli saukarta daga tsalle, ba tashinta kaɗai ba. Gwiwoyi na faɗawa ciki? Kullum a kan ƙafa ɗaya take dira? Tambaye ta ko ƙasan ƙoƙon gwiwa na mata ciwo bayan atisaye, ka lura da bandeji a idon sawu da kafaɗa. A can kakar mata daga Agusta take zuwa Disamba, ga ɗaga ƙarfe, ga tafiye-tafiye, ga aji. Gwiwar da ke kuka a shekara 16 ba za ta yi shiru ba. Kuma kada 'yar shekara 15 da ta riga ta gama girma ta ruɗe ka. Siririyar da ke gefenta, mai dogon hannu da dogayen iyaye, wadda har yanzu ƙafafunta ke harɗewa, wataƙila ita ce za ta wuce ta nan da shekara biyu.

Hali kuma ba a tambayarsa, kallonsa ake yi. Bayan ta ɓarar da ƙwallo biyu a jere a 22 da 22, tana kiran ta uku ko tana ɓuya? Idan aka cire ta, me take yi a benci? Yaran yanzu da yawa an saba gaya musu su taurari ne tun kafin su iya sabis goma a jere cikin fili, kuma irin waɗannan ne ke dawowa gida bayan zangon karatu ɗaya, da zarar sun tarar da mutum uku a wurinsu da suka fi su.

Takardu kuwa, ka nemi na asali ka riƙe a hannunka kafin ka ɓata yammacinka a filin wasa: fasfo, sakamakon kowace shekara ta sakandare, ranar gamawa, jerin duk kulob da gasar da ta buga, da duk kuɗin da aka taɓa ba ta. Abin da ya wuce ainihin kuɗin hidimar wasa yana iya taɓa matsayinta na wadda ba ƙwararriya ba. Rukuni na ɗaya yana neman darussa 16 na asali da matsakaicin maki 2.3 a ma'auninsu na 4, rukuni na biyu 2.2. NCAA ta daina neman jarrabawar shiga jami'a ta SAT da ACT tun 2023, amma wata jami'ar tana nema don kanta, kuma da yawa za su nemi shaidar Turanci irin TOEFL ko IELTS. Koci na rukuni na ɗaya ba shi da izinin fara maganar ɗauka da yarinya sai 15 ga Yuni bayan aji na 10 a tsarinsu, don haka shirunsa kafin nan ba ƙi ba ne.

Kada ka yi wa iyaye alkawarin karatu kyauta. A da ƙungiyar mata a rukuni na ɗaya tana da tallafin karatu 12, daga 2025 makarantun da suka shiga sabon tsari an ƙayyade musu 'yan wasa 18, kuma abin da kowace za ta samu ya danganta da aljihun makarantar. Rukuni na biyu rarraba tallafi ake yi gutsure-gutsure, na uku ba ya ba da tallafin wasa sam. Maza kuwa makarantunsu kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da sama da 300 na mata a rukuni na ɗaya. Abin da tallafin bai rufe ba sai iyaye sun nuna suna da shi kafin makaranta ta fitar da takardar I-20 ta neman bizar F-1.

Yanzu ka koma kulob ɗin da tef ɗinka da alli. Auna raga a tsakiya kafin kowa ya yi tsalle, ka ɗauko wasa biyu cikakku na kowacce, ka cika takardar karɓar sabis da ta duka da hannunka, ka haɗo da kwafin sakamakonsu na makaranta. In ka kawo waɗannan, sai mu zauna mu ga wacce ta dace da wane rukuni.