Amsar tambayarka kan gicciyen ƙarfe na Dakota

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ga hotunan maƙabartun da ka ɗauka a ƙauyukan jihar Dakota ta Arewa a Amurka. Ka tambaya me ya sa gicciyen kaburburan na ƙarfe ne masu ado haka, ko alfahari ne na masu kuɗi. A'a, talakawa ne manoma, kuma asalin abin yana da nisa.

Kakanninsu Jamusawa ne. A 1763 Sarauniya Katarina ta Rasha ta gayyace su su zo su noma gaɓar kogin Bolga, daga baya a 1804 wasu suka zauna wajen Odesa, bakin Bahar Aswad. An yi musu alkawarin ba za a taɓa addininsu da harshensu ba, ba kuma za a ɗebi 'ya'yansu aikin soja ba. Da gwamnati ta janye alkawarin a shekarun 1870, sai suka yi ta ƙaura zuwa Amurka: Kansas, Dakota, wasu har Kanada da Ajantina. Sana'ar gicciyen nan da ita suka taho, galibi 'yan Katolikan cikinsu.

Ka duba ƙasar da kake ciki. Fili ne fetal, itace ya yi ƙaranci, wanda aka samu kuma ruɓewa yake ko gobarar daji ta cinye. Dutsen kabari sai mai hali. Amma kowane gari da maƙerinsa, wanda ke gyara garma yana yi wa dawaki takalmi. Idan an yi rasuwa, shi zai hura wuta, ya ɗauko tsohon ƙarfe, wani lokaci na ƙafar keken doki, ya lanƙwasa shi a kan uwar maƙera, ya fitar da siffar zuciya, ko fure, ko hasken rana, ko mala'ika. Sau da yawa ya san mamacin, maƙwabcinsa ne. Ba su cika sa sunansu a jikin aikin ba, amma mutanen yankin kan gane hannun kowane, kamar yadda a nan ake gane fartanyar maƙerin gari.

Ƙananan da ka gani a jere, na yara ne. Annoba ta sha ɗibarsu a wancan zamani. Wannan ne ya fi taɓa min zuciya.

Da tarakta ta kori doki wajen shekarun 1940, maƙeran suka ragu, aka koma sayen dutse. Idan ka samu dama ka je garin Hague ko Strasburg a gundumar Emmons, akwai irin gicciyen nan da yawa a maƙabartunsu. Ka shiga da ladabi, kada ka jingina da su ko ka kankare tsatsa don karanta suna, jikokin mamatan na nan suna ziyara. Ka gaida abokan karatunka.

Kawunka.