Ɗan takarar da ya rantse zai hana ginin, shi za mu zaɓa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Najeriya ne, ina aikin jinya a Sikotilan, shekarata uku ina haya a garin Callander tare da iyalina. An aiko mini da takardar ƙuri'a ta gidan waya, wai zaɓen wakilinmu ne a hukumar da ke kula da gandun ƙasa na Loch Lomond da Trossachs, wato yankin tafkuna da dazuzzuka da gwamnati ta keɓe don karewa, wanda garinmu ke cikinsa. Abu biyu ke damuna. A zaurenmu na WhatsApp an ce mai bizar aiki in ya kuskura ya jefa ƙuri'a, takardunsa na iya samun matsala. Sannan kuɗin haya na neman fin ƙarfinmu saboda 'yan yawon buɗe ido, ga shi ana shirin gina wasu masaukan baƙi kusa da mu. Wani ɗan takara ya zo har ƙofar gida ya yi mana alƙawarin in ya ci zai kashe maganar ginin. Maƙwabta sun ce shi ne namu. Ina tsoron in yi abin da zan zo ina da-na-sani.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar biza ka cire ta daga ranka. Da rajistar masu zaɓen ƙananan hukumomi ake wannan zaɓe, kuma ɗan Najeriya mai izinin zama yana da haƙƙin shiga rajistar tun da daɗewa, saboda ƙasarsa tana cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. A 2020 ma Sikotilan ta buɗe ƙofar ga duk baƙon da ke da izinin zama, daga kowace ƙasa ya fito. Ambulan ɗin ya zo maka ne domin sunanka na cikin rajista kuma gidanka na cikin iyakar gandun. Wanda ya watsa wancan saƙo, ka ce ya nuna maka dokar da ya karanta. Ba zai iya ba.

Ta biyun ce zan tsaya a kanta, domin kullum sai na ci karo da ita, kuma ita ke sa mutane su jefa ƙuri'arsu a rijiya.

Fara da lissafi. Kujeru 17 ne a hukumar. Ministocin Sikotilan ke naɗa mutum 6, ƙananan hukumomi huɗu da gandun ya ratsa, wato ta Stirling, da ta Argyll da Bute, da ta West Dunbartonshire, da ta Perth da Kinross, su gabatar da 6, sai ku mazauna ku zaɓi 5, ɗaya daga kowace mazaɓa, na shekara huɗu. Mutuminku ƙuri'a ɗaya ce cikin 17. Ko da su biyar ɗin sun haɗa kai, ba su kai rinjaye ba. To da wane iko zai kashe maganar gini shi kaɗai?

Lissafin ma ƙaramin abu ne a kan abin da ke tafe. Mu da muka saba da siyasar kansila da ɗan majalisa, abin da muka sani shi ne "namu ne, zai tsaya mana". A nan tsarin daban yake. Wannan hukuma ita ce ke ba da izinin gini a cikin gandun, kuma a lokacin da mamba ya zauna duba takardar neman izini, zaman alƙalanci yake yi. Ƙa'idar ɗa'a da ta ɗaure mambobin hukumomin gwamnati a ƙarƙashin wata doka ta 2000 ta hana shi yanke hukunci kafin ya saurari kowane ɓangare, ta hana shi ko da nuna alamar ya riga ya yanke. Wane alƙali ne zai tsaya bakin kasuwa ya ce gobe zan ɗaure wane, sannan ya koma ya zauna sauraron shari'ar?

Saboda haka mutumin da ya bi gida-gida yana rantsuwa zai hana wani takamaiman gini, ɗaya daga cikin biyu ke jiransa. Ko dai ranar zaman ya bayyana cewa ya riga ya ɗauki matsaya, ya tashi ya bar zauren, a yi ƙuri'a babu shi. Ko kuma ya yi taurin kai ya zauna, ya miƙa wa lauyoyin kamfanin makami da hannunsa: su ɗauko takardar kamfe ɗinsa da abin da ya rubuta a Facebook, su ce an zalunce su tun kafin a saurare su. Baki shi ke yanka wuya, sai dai a nan wuyanku bakinsa zai yanka.

Na taɓa halartar wani zaman sauraron irin wannan takarda. Mutanen ƙauyen sun cika kujeru, wata tsohuwa riƙe da fayil na hotunan ambaliyar da ta ci gonarta. Kafin a fara, shugaban zaman ya tambaya ko akwai mai wata alaƙa da batun. Wakilin da suka dogara da shi ya miƙe, ya faɗi jimla biyu, ya ɗauki kofin shayinsa ya fita. Tsohuwar ta juyo ta tambaye ni ko zai dawo. Ya dawo, amma bayan an gama ƙuri'a.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yawancin masu irin wannan alƙawari ba su da uzuri. Ƙa'idar a rubuce take, kowa na iya buɗe intanet ya karanta. Wanda bai karanta ba bai shirya wa kujerar ba, wanda ya karanta kuma ya ci gaba da rantsuwa, romon baka yake muku. Sannan yawancin ƙananan takardun neman izini ma'aikatan hukumar ne ke yanke su a ofis, ba sa ko isa gaban mambobi. Manyan kuma ba a hukumar suke ƙarewa ba. A watan Satumba na 2024 hukumar ta ƙi amincewa da katafaren wurin shaƙatawar da kamfanin Flamingo Land ya so ginawa a garin Balloch da ke bakin tafkin Loch Lomond, bisa dalilan da suka haɗa da haɗarin ambaliya da asarar itatuwa, kamfanin kuwa ya ɗaukaka ƙara zuwa gwamnatin Sikotilan. Mai neman izini yana da wannan dama. Maƙwabcin da aka yi gini a bayan katangarsa ba shi da ita, sai dai ya nufi kotu da kuɗinsa.

Kada ka ɗauka ina cewa kujerar banza ce. Aikinta na gaske yana wurin da babu mai son zuwa saboda gajiyarwa: rubuta tsarin raya yankin, wanda ke fayyace filin da za a yi gidajen zama, da kason gidaje masu sauƙin kuɗi da za a ɗora wa mai gini, da inda za a taƙaita masaukan baƙi. A nan mamba na da 'yancin faɗin ra'ayinsa ƙarara, ya ce ma'aikacin jinya da malamin makaranta sun rasa wurin kwana a Callander. Da wannan tsari ake auna kowace takarda daga baya. Haka dokokin cikin gida, irin ta kafa tanti da aka fara a 2017, wadda ta wajabta neman izini a wasu bakin tafkuna daga Maris zuwa Satumba. Ka kuma sani dokar da aka kafa gandun a kanta ta ce in kare halittu ya yi karo da sauran manufofi, kare halittun ake bai wa nauyi. Rabon gidajen gwamnati da lasisin haya na 'yan kwanaki kuwa aikin ƙaramar hukumar Stirling ne, kansilanka za ka tare da su.

Game da ginin da ke kusa da ku, hanyar tana hannunka, ba sai ka jira zaɓe ba. Ka rubuta ƙorafi zuwa ga hukumar cikin wa'adin da aka bayar, kwana 21 ne daga ranar da aka sanar da maƙwabta. Ba a tambayar fasfo. Ka kawo hujjar da doka ke saurare: ambaliya, cunkoson hanya, sare itatuwa, saɓa wa tsarin raya yankin. "Ba ma so" ba hujja ba ce ko mutum dubu suka sa hannu. Ka je zaman majalisar al'ummar garinku (community council), domin ita tana da haƙƙin a nemi ra'ayinta.

In ɗan takarar ya sake ƙwanƙwasa ƙofa, ka ba shi shayi ka yi masa tambaya ɗaya: "Tunda ka riga ka faɗi matsayinka a bainar jama'a, za a bar ka ka yi ƙuri'a ranar zaman?" Ka lura da fuskarsa. Daga nan ka karanta bayanan sauran 'yan takarar, ka cike takardarka, ka saka ta a akwatin gidan waya da sauran kwanaki, domin wadda ta isa bayan an rufe ba a ƙirga ta.