Amsar Yaya kan zuwa gidan tsohon aboki a Jamus

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, na ga saƙonka tun ɗazu, hannuna ne a cike, shi ya sa na ce bari in yi murya kawai. Ka ce taron aikinku a Frankfurt ne cikin Disamba, abokinka na makaranta kuma yana Hamburg da matarsa da yara, kana tambaya ko ka yi masa bazata ka faɗo masa, ko ka kama otal ka leƙa su. To ni dai ba maganar otal na ji a ciki ba. Abin da na ji shi ne kun daɗe ba ku gaisa ba, kunya ta kama ka, kana ganin in ka kira shi yanzu zai ce sai da tafiya ta taso ka tuna da shi. Shi ya sa kake neman bazata, don ka tsallake wayar nan. Na san ka ai.

Ka je. Wannan kam babu ja. Mutumin da ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, wallahi ba ka san yadda yake ji ba in ya ga fuskar da ta san shi tun yana saurayi, wanda ba sai ya yi masa bayanin kansa ba. Zai yi murna fiye da yadda kake zato, kuma shekarun da ba ku yi waya ba, shi ma ai bai kira ka ba, to wa zai tuhumi wa? Amma bazata, ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Ka kira shi a makon nan.

Na farko ma, Frankfurt da Hamburg ba unguwa da unguwa ba ne. Jirgin ƙasa mai gudu, wanda ake kira ICE, kusan awa huɗu yake yi a hanya. Tikitinsa in ka saya da wuri yana da sauƙi, amma mai sauƙin a ɗaure yake da jirgi guda, na lokacin da ka zaɓa, ba ka da damar hawa wani. In ka bari sai ranar tafiya, za ka ji a aljihunka. Ga shi Disamba ce, a Hamburg wajen ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ka sauka tasha cikin duhu da sanyi da akwati, kana kiran lambar da ba ka ma tabbatar tana aiki ba, shi kuma wataƙila yana aikin dare, matar ta je ɗauko ƙaramin daga makarantar reno. Wace bazata ce wannan? Wahala ce ka ɗora wa kanka, ka ɗora musu.

Kuma ka gane, rayuwarmu a nan Jamus a kan kalanda take. Hutun aiki ana neman sa tun da wuri, mutum ba ya tashi da safe ya ce yau ina da baƙo ba zan zo ba. Yara kuwa makaranta dole ce a doka, ba a hana su zuwa don baƙo ya zo, ana iya cin iyaye tara. Hutun makarantar ma kowace jiha da nata, jihohi 16 ne, Hamburg ita kanta jiha ce. Saboda haka ka tambaye shi kai tsaye, wace rana ce ta fi muku? In Asabar da Lahadi ne, to ka sani Lahadi kantuna a rufe suke, sai ɗai-ɗai irin na tashar jirgi da gidan mai. Matar gidan tana buƙatar ta san da zuwanka tun kafin Asabar don ta yi cefane.

Yauwa, ga inda nake so in zo, matar gidan. Ku maza kuna cewa za ni wurin abokina. Ba wurin abokinka za ka ba, ƙanena, gidan mutane za ka. Abokin naka zai rungume ka, ku zauna ku yi ta dariya kan malaman da suka koyar da ku, amma wa zai canza zanin gado? Wa zai tashi yara daga ɗakinsu? Ita ce, kuma ita ma da aikinta take fita, babu mai taya ta, babu 'yar'uwa a kusa. Ita ba ta yi makaranta da kai ba, ba ta ci komai naka ba. Idan kun yi waya, ka ce ya ba ta ku gaisa, ka gaya mata da bakinka ranar da za ka zo da ranar da za ka tafi. Ranar tafiyar ita ce muhimmiya. Ka faɗe ta tun ba a tambaye ka ba, don su ba za su iya tambaya ba, kunya ba za ta bar su ba.

Ni na san abin da nake faɗa. Wani abokin maigidan nan ya taɓa zuwa mana, ba zan kama suna ba, Allah Ya san shi. Maigidan ne ma ya je ofishin kula da baƙi ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi, aka duba albashinsa, aka buga hatimi, ya aika masa ya nemi biza da ita. Mutane ba su san nauyin takardar nan ba. In ka sa hannu, ka yarda ke nan duk abin da gwamnati ta kashe a kan baƙon, cinsa, wurin kwanansa, asibitinsa, har kuɗin mayar da shi ƙasarsu in ya ƙi tafiya, kai za a bi, kuma alhakin yana kanka har shekara 5. Da wannan amanar aka kawo shi. Ya zo, muka ba shi ɗakin yara, yaran suka koma kwana falo a kan katifa, kullum da asuba in naɗe ta in tura bayan kujera kafin su shirya makaranta. Yaushe za ka koma? Sai ya ce ana nan dai. Ana nan dai! Ya murɗa abin ɗumama ɗaki har ƙarshe, ya buɗe taga wai iska ta yi masa kaɗan, ya fita yawo ya bar su haka. In dawo daga aiki in taɓa ƙarfen ɗumamar da zafi, labule na kaɗawa, kuɗi na fita ta taga. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare yana waya da ƙarfi yana zagaya ɗaki, alhali nan daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, har tsohuwar da ke ƙasanmu ta rubuta takarda ta saƙalo mana a ƙofa. Ni na sauka na ba ta haƙuri. Duk zaman nan bai taɓa ce mini sannu da aiki ba, ko sau ɗaya. Kwanon da ya ci abinci a nan zai bar shi a kan tebur ya miƙe.

Da kwanakin bizarsa suka kusa cika sai ya fara wani zance, wai ai akwai waɗanda suke zama ba abin da ya same su. Maigidan ya daina barci. Mutum mai haƙuri, ya rasa yadda zai ce wa abokinsa ka tafi. Da ƙyar dai ya tafi. Kuma kun san abin da ya fi ƙona mini rai har yau? Ya koma yana gaya wa mutane wai Turai ta canza wane, wai matarsa ce take juya shi, ba su karɓe shi hannu biyu ba. Maganar ta dawo kunnena. Yarana sun kwana a ƙasa saboda shi! Abota ta tun ƙuruciya, yanzu ko gaisuwar salla babu. Kuma har gobe maigidan in an ambaci sunansa sai ya yi shiru, don yana son sa, ba wai ba ya son sa ba. Ni abin da ban yafe ba ke nan, ya raba bawan Allah da abokinsa a banza.

To, na yi nisa. Tsaya ma, kai wannan takardar ba ta shafe ka ba, tunda wurin aikinka ne ya ɗauki nauyin tafiyar. Kada ma ka roƙe shi ita. Bizar da za a ba ka ta Shengen ce, wato bizar gajeren zama da Jamus da wasu ƙasashen Turai suke amfani da ita tare, iyakarta kwana 90 cikin kowane kwana 180, amma kai ka duba abin da aka buga maka a fasfo, don sau da yawa kwanakin taron kawai suke bayarwa da ɗan ƙari. Saboda haka tun wajen cika takardu ka sa kwanakin Hamburg a ciki, kuma inshorar lafiyar, wadda dole ta kai ta Yuro 30,000, ta rufe har ranar da za ka fita. Kada ka tsara ziyara a kwanakin da ba ka da su.

Batun kwana kuwa, ni ra'ayina ka ce musu ka kama otal kusa da su. In suka ce haba, ina, a gidanmu za ka sauka, kuma ka ji muryar matar a ciki, ba shi kaɗai ba, to ka sauka, kada ka yi ta ja har ya zama kamar kana ƙyamar gidansu. Amma kwana biyu, uku ya isa. Ai ko a hadisi baƙunci kwana uku ne, abin da ya haura sadaka ne, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Gidajen nan ƙanana ne, banɗaki ɗaya, da safe kowa na sauri. Ka bari su gama shiri kafin ka shiga. Ka tambayi inda ake zuba wace shara, don rarraba ta ake yi, takarda daban, roba daban, kwalba daban. In an fita tare, ka riga shi ciro kuɗi ko sau ɗaya ne, kada ka ɗauka don yana Turai kuɗi yake shara. Haya da haraji sun gama da albashin tun kafin ya gan shi.

Tsaraba, kada ka sako nama ko wani abu na madara a kaya, an hana shigo da su Tarayyar Turai daga waje, za a ƙwace a filin jirgi, ana iya cin ka tara. Ka tambayi matar me take marmari wanda aka yarda a shigo da shi. Kuma ka nemo tsofaffin hotunanku na makaranta ka zo da su, ka ga yadda yaran za su taru a kanka suna neman babansu a ciki.

Af, yaran. Don Allah, don Annabi, in ka ji suna Jamusanci a tsakaninsu, ko suka amsa maka gaisuwa a karkace, kada ka fara wa'azin an bar yara sun ɓace. Kowane baƙo sai ya yi wannan, kuma iyayen sun fi ka jin zafin abin, kullum a kansa suke fama. Ka zauna ƙasa tare da su, ka tambayi sunan kowa da ajinsa, ka ba su labarin babansu yana yaro. Shi ma abokin naka, kada ka tsare shi da yaushe za ka dawo gida, me ka gina, me ka tara. In yana so zai faɗa maka da kansa, in dare ya yi yara sun kwanta. Kai dai ka saurara, kuma abin da ka gani a gidansu ka bar shi a gidansu, kada ka dawo mana da shi cikin zauren nan.

In lambar tasa ta ɓace maka, ka yi mini magana ta gefe, maigidan yana da mutane a Hamburg, za a samo. Kuma in ka tsayar da ranakun ka turo mini in duba maka jirgin da ba sai ka canza a hanya ba. Sai na ji ka.