Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin 'Yan Kareti Da Finafinan Ɗaukar Fansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai tun ina yaro nake kallon su Jackie Chan da Van Damme, yanzu ga shi har na yi iyali amma har gobe su ɗin ne dai ke duka, kuma labarin kullum ɗaya ne, an kashe wa tsoho 'ya ko an sace masa jika sai ya tashi shi kaɗai ya gama da bos da yaransa kaf. Don Allah me ya hana su hutawa ne, kuma anya su ne ke yin faɗan nan da kansu kuwa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da maganar hutu, ai ba su kaɗai ke da ta cewa ba, furodusoshi ne ba za su bari ba domin sunan nan kuɗi ne. Irin waɗannan finafinai sau da yawa tun kafin a kunna kyamara an riga an sayar wa 'yan kasuwar ƙasashe daban-daban izinin nuna su, kuma mai saye ba ruwansa da daɗin labari, fuskar da ke jikin fosta yake dubawa, to sabon yaro komai iya tsallensa ba wanda ya san shi, shi kuwa tsohon an shekara talatin ana kallonsa. Abin ya ƙara ƙarfi ne bayan Taken na 2008, inda Liam Neeson yana ɗan shekara 55, wanda ba ma ɗan kareti ba ne, ya fito uban da aka sace wa 'ya a Faransa. An kashe wajen dala miliyan 25 fim ɗin ya kawo sama da miliyan 200, ai daga nan kowa ya shiga neman nasa tsohon.

Shi kuma labarin fansa dama can shi ne gadon gidan, Bruce Lee a Fist of Fury na 1972 fansar malaminsa ya ɗauka, Van Damme a Kickboxer na 1989 ta yayansa ya ɗauka, abin da ya canza kawai shi ne wanda ake ramawa. Da can saurayi ne ke rama wa malami ko uba, yanzu uban ne ke rama wa ɗa ko 'ya, kuma ni a ganina wannan ya fi taɓa zuciya, don saurayi in ya gama da bos rayuwa na gabansa, shi kuwa tsoho wanda aka kashe wa 'yar da ita kaɗai ta rage masa ba shi da sauran abin tsoro, ko ya dawo ko kar ya dawo duk ɗaya ne a wurinsa. Ga kuma sauƙin rubutu, minti goma na farko an kashe wani, shikenan ba sai an yi maka dogon bayani ba.

To batun ko su ne ke faɗan, gaskiya akwai su akwai wasu. Jiki fa ba ƙarfe ba ne. Jackie Chan 1954 aka haife shi, kuma wajen ɗaukar Armour of God na 1986 a tsohuwar Yugoslabiya ya faɗo daga kan bishiya ƙoƙon kansa ya fashe har sai da aka yi masa tiyata, ban da karayar hanci da yatsu da ƙafa, mutum irin wannan ka ce ya maimaita abin da ya yi yana ɗan talatin ai ba adalci. Hanyar ganewa ba wuya. In ka ga an ja kyamara baya kana ganin mutum daga kai har ƙafa, fuskarsa a fili, ya kai duka huɗu biyar ba a yanka hoton ba, to shi ne. In kuwa ka ga ɗaki ya yi duhu, kyamara na ta rawa, ana nuno ƙeya da ƙafa da hannu daban-daban sannan a hasko fuskar oga yana huci, to wani matashi ne aka sa wa irin kayansa ya yi aikin, yanzu ma har da kwamfuta ake ɗora fuskar jarumin a jikin wani. Finafinan Steven Seagal na baya-bayan nan, waɗanda ba sa zuwa silima, nan ne za ka ga wannan dabara ƙiri-ƙiri, rabin fim ɗin ma a zaune yake.

Amma kar ka yi musu kuɗin goro. Wanda ya burge ni shi ne The Foreigner na 2017, Jackie yana da shekara 63, ya fito mai gidan abinci a Landan da bam ya kashe masa 'ya, ba wasa ba barkwancin nan da aka san shi da shi, yana tafiya a sunkuye, in an buge shi yana jin jiki, in ya faɗi sai ya daɗe kafin ya miƙe, kuma yawancin ɓarnar da ya yi da tarko da dabara ya yi ta don ya san ƙarfin ba na da ba ne. Fim ɗin bai ɓoye tsufansa ba shi ya sa na yarda da shi, da tsohuwar zuma ake magani in an san yadda za a yi da ita. Van Damme ma da aka sake yin Kickboxer a 2016 sai ya koma malamin da ke horar da yaron, ya bar wa matashi fagen faɗan. Shi kuwa Donnie Yen wannan nasa daban ne wallahi, yana da 59 ya fito makaho a John Wick na huɗu a 2023 kuma saurin hannunsa na nan.

TAMBAYA: Malam wai da gaske Jet Li ya rasu? Na ga wani hotonsa duk ya tsufa ya rame. Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa wannan jita-jita an sha yaɗa ta a Facebook ana ƙaryatawa. Hoton da ya tayar da hankalin mutane na 2018 ne, aka ɗauke shi a Tibet, kuma tun 2013 shi da bakinsa ya faɗa cewa yana fama da ciwon tayirod, wata halitta ce a wuya wadda in aikinta ya yi yawa sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga kuma tsofaffin raunuka na ƙafa da baya. Shi ya sa ya ja baya da finafinan faɗa ya fi maida hankali kan gidauniyarsa ta agaji One Foundation da ya kafa a 2007. Bayan hoton nan ma ya fito sarki a Mulan na 2020, ki nema ki gani, kuma shekararsu ɗaya da Donnie Yen, dukansu 1963 aka haife su.