Yayana ya ce in bar teburin surukai in taho gida

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Columbus, jihar Ohio: "Da bizar ziyara na shigo Amurka, ta ƙare, na zauna fiye da shekara babu takarda. Bara na auri Ba'amurkiya, mun shigar da takardun neman katin zama, muna jiran ganawa. Iyayenta sun gayyace ni cin abincin ranar Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa. Da yayana ya ji, sai ya ce ina da hutun kwana huɗu amma na zaɓi cin talo-talo da surukai, na bar Hajiya tana kuka a Zariya. Wani ejan ya ce in biya shi, zai samo min takardar fita cikin mako guda. In tafi?"

Ɗan'uwa, kada ka tafi. Ko kuɗin tikiti kada ka fara tambaya.

Ka san fam ɗin I-485 na neman katin zama da ka shigar yana hannun USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka. A irin halin da kake ciki, ranar da ka fita daga Amurka ba tare da takardar izinin tafiya da ake nema da fam I-131 ba, doka za ta ɗauka ka janye buƙatarka da kanka. Wannan ma da sauƙi. Tun dokar 1996, wanda ya zauna ba bisa ƙa'ida ba fiye da kwana 180 sannan ya fita, ana hana shi dawowa shekara 3. Wanda zamansa ya kai shekara guda, shekara 10. Kai a rukuni na biyu kake. Hutun kwana huɗu zai iya raba ka da matarka da aikinka na tsawon shekara goma, kuma kuɗin maganin Hajiya da kake aikawa duk wata daga wannan aikin yake fitowa.

Shi kuwa ejan, ka toshe lambarsa. Takardar nan USCIS kaɗai ke bayarwa, yawanci bayan watanni, kuma ko tana hannunka jami'in filin jirgi ne ke da maganar ƙarshe a kan shigarka. Na sha ganin aikin irin waɗannan mutane. Wani ya karɓi kuɗi ya ba mutum takardar shaidar karɓar fam kawai, ya ce masa ita ce izinin, sai a hanyar dawowa aka hana bawan Allah hawa jirgi. Wani ya ƙirƙiro wasiƙar asibiti cewa mahaifiya na kwance rai a hannun Allah. Ƙarya a takardun shige da fice haramcin dindindin take jawowa, kuma sa hannunka ne a kai, ba na ejan ba. Lauya ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi ne kaɗai ke da hurumin ba ka shawarar doka.

Sai batun yayanka. Girmansa na nan, amma a wannan magana bai yi maka adalci ba. Ya auna Amurka da Kaduna, inda mutum zai shiga mota ranar Alhamis ya dawo Lahadi. Ina kuma zargin ba kukan Hajiya ne ya fi damunsa ba, jin kalmar surukai ne. 'Yan'uwa da yawa na fargabar cewa matar waje za ta janye musu ɗa da aljihunsa. To, ba a maganin wannan fargaba da jefa ƙani cikin rami.

Ka je gidan surukanka. Ranar nan, Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, tun 1863 Shugaba Lincoln ya ayyana ta ranar godiya ta ƙasa, kuma a yawancin gidaje taron dangi ne: a zagaye tebur, a ci talo-talo da dankali da kek ɗin kabewa, wani lokaci kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai. Ba kowa ake kira ba, wanda aka kira an ɗauke shi ɗan gida. Hadisi ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba, kuma mutanen nan 'yarsu suka ba ka. Ka sa matarka ta sanar da su tun da wuri cewa ba ka cin naman alade, ba ka shan giya. In kana da shakku kan yanka, shagunan halal na sayar da talo-talo a wannan lokaci, ka saya ka kai, ko ka haɗa da dafa-duka. Ku ɗauki hotuna ku adana, domin a ranar ganawa jami'i zai nemi shaidar cewa auren na gaskiya ne, kuma hoto da dangin mata na cikin abin da ake dubawa.

Hajiya kuwa, ka kira ta da kanka da safiyar ranar, ba ta bakin yaya ba. Ka faɗa mata a fili cewa in ka zo yanzu ba za a bar ka ka koma ba, ka sa surukarta ta gaishe ta ta bidiyo. Idan kuma, Allah ya kiyaye, rashin lafiya mai tsanani ta taso, akwai izinin gaggawa da ake nema a ofishin USCIS na yankinka da takardun likita na gaskiya. Shi ma kada ka yi amfani da shi sai lauya ya duba tarihin zamanka tukuna.